Murjanin da ake cewa "ba ya son haske": wanne za a zaɓa, kuma me zai ci a ƙaramin tankin ruwan gishiri a Legas?

Idan murjani ba ya buƙatar haske mai ƙarfi, to da me yake rayuwa? Kuma a tankin gilashin da bai wuce lita 40 zuwa 80 ba, wane adadin abinci ne zai ishe shi ba tare da ya ɓata ruwan ba? Tambayar tana yawan tasowa a tsakanin masu sha'awar kiwon halittun teku a cikin gida a nan Legas, musamman tun da aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, kowa ya shiga lissafin abin da fitilar tanki da famfon da ke kaɗa ruwansa za su ci masa. Mutum ya ga tanki yana walƙiya a TikTok, ya je wurin mai sayarwa, a ce masa: "Alhaji, ɗauki wannan, ba ya son haske, ƙaramar fitila ta ishe shi."

Matsalar ita ce wannan magana ɗaya ana yin ta a kan halittu iri biyu da rayuwarsu ta sha bamban. Akwai murjanin da haske ne abincinsa, sai dai kaɗan ya ishe shi. Akwai kuma wanda ba ruwansa da haske kwata-kwata, idan ba a sa masa abinci a baki ba yunwa za ta kashe shi. Wanda ya haɗa su a kwando ɗaya, ko dai ya bar na biyun ya rame, ko ya cika tankin da abinci saboda na farkon har ruwan ya lalace.

## Wace irin halitta ce murjani?

Bahaushe ya san murjani a matsayin jan dutsen adon da ake sawa a wuya, wanda aka ambata tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman, wanda kuma fadar Binin ta yi suna da ado da shi. Wancan jan murjanin ƙashin wata halittar teku ce, bayan an kankare naman an goge. Wanda ake sawa a tanki kuwa yana da rai, kuma dabba ce. Yawancin murjani tarin 'yan kawuna ne, kowane kai ana kiran sa folif. Yana da baki ɗaya a tsakiya da 'yan yatsu a kewaye masu ɗauke da ƙwayoyin harbi. Bakin nan ɗaya shi ne mashiga, shi ne mafita. A riƙe wannan, zai yi amfani idan an zo maganar girman loma.

A cikin naman mafi yawansu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ana kiran ta zuzantele. Zaman haya take yi, tana biya da abinci: murjani ya ba ta wurin zama da abin da jikinsa ke fitarwa, ita kuma ta sarrafa haske ta ba shi sukari. A murjanin da ke ruwa mara zurfi, wannan sukarin yana iya ɗauke kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da yake buƙata. Amma sukari kaɗai ba ya gina nama. Haske shi ne tuwon. Miya da nama kuwa daga 'yan halittun da yake cafkewa a ruwa suke zuwa, da kuma sinadaran naitiret da fosfet da suka narke a cikinsa.

Idan zafi ya yi yawa, ko haske ya fi ƙarfinsa, sai murjani ya kori 'yar hayar, ya koɗe ya yi fari fat. Wannan koɗewar ce hukumar NOAA mai kula da tekuna da yanayi ta Amurka ta sanar a Afrilun 2024 cewa ta game tekunan duniya karo na huɗu, bayan na 1998 da 2010 da na 2014 zuwa 2017. Abin da ke faruwa a can cikin teku shi ne zai faru a falo a Agege a watan Maris idan ruwan tanki ya daɗe a digiri 31.

## Nawa ne "kaɗan" a maganar haske?

Masu wannan harka suna auna haske da ma'aunin PAR, wato adadin hasken da gansakukar nan za ta iya amfani da shi. Murjani mai rassa irin su Acropora yana son daga 250 zuwa 400. Waɗanda ake kira masu son ƙarancin haske suna zama lafiya tsakanin 40 da 100. Wannan "kaɗan" ɗin ya fi ƙarfin ƙwan fitilar ɗaki nesa ba kusa ba. Ana buƙatar fitilar LED da aka ƙera don tankin teku, mai wat 20 zuwa 30, a kan tankin da zurfinsa bai wuce santimita 35 ba, kuma sau da yawa rabin ƙarfinta ya isa. Awa 8 zuwa 10 a rana, a lokaci ɗaya kullum.

Kada a yi hukunci da ido. Shuɗin haske dushi-dushi yake a idon mutum, amma ga murjani yana da ƙarfi ƙwarai, shi ya sa mutane da yawa ke ƙone shi suna zaton ma bai samu isasshe ba. Na'urar auna PAR tana da tsada, don haka murjanin kansa ake dubawa. Idan ya miƙe sama yana dogon wuya kamar kakaki, kalarsa ta koma ruwan ƙasa, haske ya yi masa kaɗan. Idan ya ƙanƙance, ya koɗe, ko ya saki dutsen ya yi yawo, ya yi masa yawa. Sabon murjani a ƙasan tanki ake fara ajiye shi, a riƙa ɗaga shi sannu a hankali cikin mako biyu zuwa uku. Hasken rana ta taga kuwa a guje shi, don zafi da gansakuka kawai zai kawo.

## Waɗanda suka dace da ƙaramin tanki

Na farko a sahu shi ne mai kama da naman kaza, wanda masu sayarwa ke kira mashrum, wato Discosoma da Rhodactis. Ba su da ƙashi, ba sa son ruwa mai ƙarfin gudu, suna jure kuskuren sabon shiga fiye da kowa. Discosoma kusan ba ya cin komai ta baki, haske da abin da ke narke a ruwa sun wadace shi. Rhodactis mai gashi-gashi yana naɗe ɗan abinci idan an ɗora masa. Aibinsu ɗaya: suna rarrafe suna barin ɗan yanki a baya, kowane yanki ya zama sabo, bayan shekara sai ka ga sun cinye dutse. A ba su nasu dutsen daban.

Haka ma koren tauraro, Briareum, mai shimfiɗuwa kamar darduma. Kyansa idan ruwa na kaɗa shi ba a magana, amma duk abin da ya taɓa sai ya hau kansa, har gilashi. Dutsensa ya zama tsibiri a tsakiyar yashi, da tazarar akalla yatsu huɗu daga sauran duwatsu.

Masu fata, Sarcophyton da Sinularia, da ɗan uwansu Capnella da ake kira bishiyar Kenya, suna da ƙarfin rai. Abu biyu ne ke tsorata sabon mai kiwo game da su. Na ɗaya, Sarcophyton yakan rufe ruf na kwanaki, har mako guda ko fiye, jikinsa ya yi sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma, sannan ya saɓe wannan fatar ya sake buɗewa. Ba mutuwa yake yi ba, a ƙara masa kaɗawar ruwa kawai. Na biyu, suna sakin sinadaran da ke takura wa maƙwabtansu. A teku ruwa na wanke su, a lita 60 kuwa taruwa suke yi. Maganin shi ne gawayin tace ruwa na tanki, cokali biyu zuwa uku a cikin 'yar jakar raga, a canza duk mako uku zuwa huɗu. Guda ɗaya ya isa a ƙaramin tanki, don suna girma.

Wanda ke son ganin murjani yana cin abinci da idonsa, sai ya koma kan masu ƙashi masu manyan kawuna. Duncanopsammia, wanda aka fi sani da Dankan, shi ne ya fi sauƙi a cikinsu: kullum yatsunsa a waje, kana ɗora masa loma zai naɗe ta, kuma idan yana samun abinci yana fitar da sababbin kawuna ta gefe. Caulastraea mai kama da alewar sanda, da Blastomussa, da Micromussa duk suna zama lafiya a haske mara ƙarfi da ruwa mai tafiya a hankali. Su da dare suke fito da yatsun cin abinci. Tunda suna gina ƙashi, suna jan kalsiyam da alkaliniti, wato sinadaran da ke hana ruwa tsami, daga ruwa, amma idan ba su wuce uku ko huɗu ba, canjin ruwa na mako-mako yana mayar da abin da suka ja.

Zowa, wato Zoanthus da Palythoa, su ne suka fi jan ido da kala, kuma suna jure matsakaicin haske. Sai dai akwai magana mai nauyi a kansu da za ta zo a gaba.

Ga tanki mai lita 60, farawa da mashrum biyu, Dankan ɗaya, da Caulastraea ɗaya ya wadatar. A bar su wata guda kafin a ƙara wani.

## Waɗanda ya kamata a bar wa mai shago

Murjanin rana, Tubastraea, shi ne babban tarkon. Ruwan lemo ne ko ɗorawa mai ɗaukar ido, kuma da gaske ba ya buƙatar haske, domin ba shi da zuzantele ko ɗaya. A teku a bakin kogo da ƙarƙashin duwatsu yake zama yana kamun abin da ruwa ya kawo. A tanki kai ne ruwan da zai kawo masa. Kowane kai sai an sa masa nama, akalla sau uku a mako, kuma dunƙule ɗaya yana iya ɗauke da kai ashirin ko talatin. Idan aka yi sakaci, naman da ke tsakanin kawunan ya janye, gansakuka ta hau ƙashin. Idan kuma aka ciyar da shi yadda ya kamata, abincin da ke shiga lita 60 ya ninka abin da tankin zai iya narkarwa, sai an riƙa canza ruwa sau biyu a mako. Ana iya kiwonsa, amma aikin wanda ya ƙware ne kuma ba ya tafiye-tafiye. Wasu sukan ciro shi su ciyar da shi a roba daban da ruwan tankin, su zubar da ruwan bayan an gama. Dabarar tana aiki, sai dai yawan taɓawa na wahalar da shi.

Dendronephthya, mai kama da fure ja ko ruwan hoda, ya fi wannan ma tsanani. Ƙananan halittun ruwa yake tacewa dare da rana, kuma ko a hannun gwanaye yawanci cikin watanni yake narkewa. Sayensa ƙarfafa wa masu ciro shi daga teku gwiwa ne kawai a kan abin da ba zai rayu ba.

Acropora da danginsa ba na tanki mai ƙarancin haske ba ne. Euphyllia kuwa, mai kan guduma da mai kama da tocila, yana iya zama, amma da dare yana miƙo dogayen yatsun harbi da ke kai santimita 10 ko fiye, kuma a ƙaramin tanki ba inda maƙwabci zai gudu. Xenia mai buɗe hannu da rufewa ba ya jure zafi, rana ɗaya yana iya narkewa gaba ɗaya ya ɓata ruwan.

## A ciyar ko kada a ciyar?

Masu kiwo sun rabu gida biyu a nan. Ɓangare ɗaya na cewa idan akwai kifi a tanki, kashinsu da ragowar abincinsu sun isa, ƙarin abinci ƙarin datti ne. Ɗaya ɓangaren na cewa bincike ya nuna murjanin da ke cin abinci ya fi saurin girma, ya fi kaurin nama, kuma ya fi farfaɗowa idan ya koɗe. Kowa na da gaskiyarsa, sai dai a kan murjani daban suke magana. Ga mashrum, koren tauraro da masu fata, ƙananan kifi biyu da ake ciyarwa kullum sun ɗauke nauyin. Ga Dankan da 'yan uwansa masu manyan baki, ciyarwa tana nuna bambanci cikin 'yan makonni.

Abin da ya kamata ya raba gardamar a kowane gida shi ne ma'auni. Duk abin da aka zuba a tanki, wanda aka ci da wanda ba a ci ba, ƙarshensa amoniya ne, bakteriya su mayar da shi naitirait, sannan naitiret, fosfet kuma ya taru a gefe. Ba inda za su je sai an fitar da su. Naitiret tsakanin 2 da 10, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1, a ma'aunin ppm, wato kashi nawa cikin miliyan, nan ne wurin zama. Idan sun haura, a rage abinci. Idan kuma dukansu sun sauka sifiri, shi ma matsala ce da mutane ba su cika ganewa ba: murjani mai laushi ya rame ya dushe, wata ƙazanta mai yauƙi ruwan ƙasa mai kumfa-kumfa ta mamaye yashi. Irin wannan tankin ƙarin abinci yake nema.

## Yadda ake ciyarwa

Ga masu manyan baki, abin da ya fi shi ne 'yan ƙananan jatan landen da ake kira maisis, waɗanda ake sayarwa a daskare. Inda babu, ɗanyen jatan lande na teku daga kasuwar kifi yana aiki: a ɓare, a wanke, a daddatsa shi har kowane yanki bai wuce rabin ƙwayar shinkafa ba. Busasshen kirefish na miya bai dace ba, haka kifi mai kyafi ko wanda aka sa wa gishiri. Ga zowa da masu ƙananan baki, akwai garin abincin murjani irin su Reef-Roids. Ma'aunin da ake rubutawa a jikin irin wannan gari na manyan tankuna ne, wajen ƙaramin cokali ɗaya ga lita 400. A lita 60 abin da zai hau kan tsinken ashana biyu ko uku ya isa farawa.

Daskararren abinci yana da hatsarinsa a Legas. Firizar da wuta ke ɗaukewa tana narkar da shi ta sake daskarar da shi, kuma wanda ya sha haka sau biyu ya lalace ko da bai yi wari ba. Wanda wutarsa ba ta tsayawa gara ya riƙe gari da 'yan dunƙulen busasshen abincin murjani, a rufe su sosai saboda danshi.

A narkar da abincin a kofi da ruwan tankin, a tace ruwan farkon a zubar, domin cike yake da fosfet. A jira kamar rabin awa bayan fitila ta mutu. A kashe famfunan. A ɗan fesa ruwan abincin kusa da murjanin, a ba shi minti biyar. Za a ga leɓensa ya kumbura, yatsu masu haske sun fara leƙowa. Sai a ɗauki sirinji mara allura, a saki loma ɗaya ko biyu a kan kowane kai a hankali. Kada a watsa da ƙarfi, zai tsorata ya rufe. Idan kifi ko jatan landen tanki na fizge masa, a yanke gindin gorar ruwa, a kifa ta a kansa, a zura abincin ta bakin gorar. Bayan minti 15 a kunna famfo.

A sa ƙararrawa a waya tun lokacin da aka kashe famfon. Mantawa da shi a kashe har gari ya waye yana cikin abubuwan da suka fi kashe ƙananan tankuna.

Loma mai girma kuskure ce da ba a gani nan take. Murjanin zai haɗiye ta, mutum ya ji daɗi, da tsakar dare ya amayar da ita rabin narkewa ta faɗa bayan dutse ta ruɓe. Sau ɗaya a mako ake farawa. Idan bayan wata guda ma'auni bai motsa ba, a koma sau biyu. Alamun an wuce gona da iri su ne gilashi ya riƙa yin kore cikin kwana ɗaya, jan yauƙi ya shimfiɗu a yashi, ko gansakuka mai gashi ta fara tsiro. Murjanin da bai buɗe ba, ko wanda bai cika mako guda da zuwa ba, ba a ciyar da shi.

## Zafi da ɗaukewar wuta

A Legas, yunwa ba ta cika riga zafi kashe murjani ba. Yana son digiri 24 zuwa 27. Daga 29 ya fara wahala, kuma ɗakin da ba na'urar sanyaya iska a watannin Fabrairu zuwa Afrilu yana kai ruwa 30 ko sama. Ruwan zafi kuma iskar oksijin ɗinsa ta fi ƙaranci.

Ga lissafin da masu gudun babbar fitila ba su cika yi ba. Fitila mai wat 25 na awa 9, da famfuna masu wat 10 dare da rana, wajen yunit 14 ke nan a wata, ɗan sama da naira 3,000 a kan farashin 2024 ɗin nan. Na'urar sanyaya ruwa mai wat 150 da ke aiki awa 10 a rana kuwa yunit 45 ce, sama da naira 10,000. Kuɗin yana wajen sanyi. Ƙaramar fanka da ke busa saman ruwa tana sauke digiri ɗaya zuwa biyu, ko da yake danshin iskar Legas na rage mata ƙarfi. A ajiye tankin a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bangon da rana ke duka, a cire murfin gilashi a sa na raga. Gorar ƙanƙara a rufe tana taimakawa a ranar gaggawa, amma kada a sauke zafin da sama da digiri biyu a lokaci ɗaya.

Idan aka ɗauke wuta, famfo ne farko, sanyi na biyu, fitila ta ƙarshe. Murjani yana jure kwana biyu zuwa uku a duhu, amma ruwa a tsaye cikin zafi yana iya fara kisa cikin 'yan awanni. Famfo mai wat 5 na awa 10 ba ya cin abin da ya wuce ƙarfin ƙaramin batir, kuma akwai famfon iska da ke aiki da fawa bank. Ranar da ba wuta, ba ciyarwa, domin narkar da abinci na ƙara cin oksijin ɗin da ya rage.

Maganin sauro na fesawa da na ƙonawa guba ne ga halittun ruwa. Kada a yi amfani da shi a ɗakin da tanki yake, haka ma turaren fesawa. A wanke hannu da ruwa zalla kafin a sa shi a ciki, ba sabulu, ba man shafawa.

## Ruwa da gishiri

Ga teku nan kusa, me zai hana a ɗebo? Ruwan bakin tekun Legas gurɓatacce ne, gishirinsa kuma yana hawa da sauka da damina, na lagun ma ya fi muni. Ruwan bohol a wurare da yawa yana da ƙarfe. Fiya wata na sha ne, ba a san abin da ya rage a cikinsa ba. Ruwan da ke ɗigowa daga na'urar sanyaya ɗaki yana iya ɗauko tagulla, kuma ko ɗan kaɗan na tagulla yana kashe murjani. Shi ya sa ma maganin kifi mai tagulla ba ya shiga wannan tankin. Abin da ya dace shi ne ruwan da aka tace da na'urar RO/DI mai cire duk abin da ya narke a ruwa, wanda ma'aunin TDS, mai auna abin da ya rage a narke, ya nuna sifiri ko kusa da shi.

Gishirin girki ba shi da kalsiyam da magniziyam. Na tankin teku ake saye, wajen giram 36 zuwa 38 a kowace lita, a dama da famfo na 'yan awanni, a auna nauyin ruwan da ma'aunin gishiri ya zauna a 1.025 zuwa 1.026. Alkaliniti 8 zuwa 9 a ma'auninsa na dKH, kalsiyam 400 zuwa 450 da magniziyam wajen 1,300 a ma'aunin ppm. A canza kashi goma cikin ɗari duk mako, lita 6 ke nan a tanki mai 60.

Ruwa na tashi, gishiri ba ya tashi. Tankin da ruwansa lita 55 ne idan ya rasa lita 2, abin da fanka ke iya janyowa a rana ɗaya da hunturu, gishirinsa ya tashi daga 35 zuwa sama da 36. A cike gurbin kullum da ruwan da ba gishiri. Sabon tanki kuma a ba shi mako huɗu zuwa shida bakteriya su zauna, sai amoniya da naitirait sun koma sifiri kafin murjani ya shiga.

## A wurin saye, da maganar guba

Gabar Najeriya ba ta da tudun murjani irin na Indonisiya ko Ostireliya, saboda laka da ruwan daɗin da manyan koguna ke zubawa a mashigin Gini. Duk abin da ke shagunan Legas asalinsa daga waje ne. Masu ƙashi duka suna cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES kan cinikin halittun da ke cikin hatsari tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ke ciki, don haka shigo da su sai da takardar izini. Kasuwar ma ba ta da tabbas: Indonisiya ta dakatar da fitar da murjani a 2018, sai a farkon 2020 ta sake buɗe wa na noma. Ɗan yankin da aka raina a tankin wani mai kiwo a nan garin ya fi wanda ya sauka daga jirgi jiya, domin ya saba da zaman tanki, kuma ba a ɓalle shi daga teku ba.

A ce wa mai shago ya kashe shuɗiyar fitila ya kunna fara, nan ne kalar gaskiya ke fitowa. A duba gefen ƙashi, idan fari ya bayyana nama na janyewa ne. Yauƙi ruwan ƙasa a kan kai ciwo ne mai yaɗuwa. A gida a tsoma sabon yankin a maganin wanke murjani bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar, a ɗauraye, kada ruwan ledar shago ya shiga tanki.

Wasu nau'o'in Palythoa da Zoanthus suna ɗauke da falitoksin, ɗaya daga cikin guba mafi ƙarfi da aka sani a halittu, kuma ba a gane mai ita da ido. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa rahoto a 2015 kan mutanen da suka kwanta ciwo a Alaska bayan sun shaƙe ta a gidaje da shaguna. Tana shiga ta rauni, ta ido, ta numfashi, kuma ba ta da makari. A sa safar hannu da tabarau duk lokacin da za a taɓa su. Kada a tafasa dutsen tanki, kada a zuba masa ruwan zafi, kada a kankare shi a busasshe. Wanda ya ji zazzaɓi, tari, ɗacin ƙarfe a baki ko wahalar numfashi bayan aikin tanki, ya tafi asibiti nan take ya faɗi sunan gubar. Gidan da ke da ƙananan yara gara ya haƙura da zowa, mashrum da Dankan sun isa ado.

## Idan tafiya ta kama

Mai zuwa gida Arewa hutun Sallah ba ya buƙatar barin wa kowa aikin ciyar da murjani. Masu rayuwa da haske suna yin mako biyu ba loma, ba abin da zai same su. Hannun wanda bai saba ba kuwa yakan zuba na wata guda a rana ɗaya don tausayi. A canza ruwa kwana biyu kafin tafiya. A manna salatif a jikin gilashi daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya, a ajiye jarkar ruwan RO a gefe, a ƙulla abincin kifi na kowace rana a takarda daban, a ɓoye sauran. Wanda aka bar wa gida a nuna masa layin salatif ɗin, da famfon batir da zai kunna idan aka ɗauke wuta, a kuma gargaɗe shi a kan maganin sauro.